Injin Lambu a Cikin Jirgi

A Hillat Sodangi idan damina ta zauna, hanya mutuwa take yi. Baƙar ƙasar nan ta gabashin tafkin Rusairis ta sha ruwa ta zama kamar kwaɓin gini, ta riƙe tayar mota, ta riƙe ƙafar jaki, takalmi kuwa sai dai mutum ya bar mata shi sadaka. Da can ba wanda abin yake damu, tunda ga ruwa, ga kuma jirgin Abdussalami yana kai mutane kasuwar Rusairis ya dawo da su. Amma tun da yaƙi ya shigo ƙasar fetur ya ɓace, aka neme shi sama ko ƙasa aka rasa. Jirgin ya zauna ɗaure a gindin bagaruwa, awaki suna hawa suna sauka, garin kuma ya rufe ta tudu ya rufe ta ruwa.

Abdussalami ƙaton mutum ne, irin wanda idan ya zauna a kan gadon igiya sai an ji gadon ya yi ƙara. Abokan wasansa sukan ce jirginsa da lodi yake tashi tun kafin fasinja ya shigo. Jirgin gadonsa ya yi, na ƙarfe ne, mahaifinsa ya dasa masa injin wata tsohuwar mota mai shan fetur, ya kuma sa aka walda wani siririn ƙarfe a jikinsa daga goshi har baya. Wannan shi ake kira layin Baba. Tsohon ya bar wasiyya cewa duk ranar da ruwa ya haura layin nan, ko wane ne zai shiga kada a ɗauke shi, don tafkin nan iska na tashi a tsakiyarsa ba sallama. Abdussalami ya sha saɓa wa mutane a kan layin nan, bai taɓa saɓa wa layin ba.

Yana da 'ya'ya da dama, amma babbar cikinsu, Bilkisu, bai taɓa faɗin sunanta ba tun ranar da aka raɗa shi. 'Yar fari ce, kuma a garin nan na jikokin mutanen Sakkwato har yanzu ana riƙe da wannan kunya gam, ko da yake yaran sun fi jin Larabci a bakinsu. Ba ya kiranta, ba ya zama inda take zaune, ba ya tambayar lafiyarta a gaban kowa. In ta kama dole sai ya ce “ke”, ko ya ce wa uwarta “yarinyar can”. Uwar ma, Maryamu, haka take da ita a bainar jama'a. Wadda take yi wa Bilkisu magana a duniya kakarta ce, Iya, ita ta goya ta, ita take tsaya mata a kan komai. To Iya ta rasu bara, ta bar yarinya tsakanin mutum biyu da suke sonta kamar ransu, ba kuma wanda yake iya buɗe baki a kanta.

Wata safiya Maryamu ta kawo masa shayi, ta ƙi tafiya. Ta tsuguna tana kallon ƙasa ta gaya masa cewa yarinyar can tana da wani ƙulli a ƙirji, ya daɗe, yanzu kuma yana girma. Ungozomar gari ta taɓa ta ce wannan ba na jiƙo ba ne, a kai ta asibiti a cire tun da wuri, kuma a rufe baki, don budurwa ce, in magana ta fita babu mai sake tako ƙofar gidan da zancen aure. Abdussalami ya riƙe kofin har shayin ya huce. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a tsakiyar tafki, amma abin da ya iya cewa kawai shi ne Allah ya sawwaƙe.

Ranar bai je masallacin azahar ba. Ya tafi lambunsa na lemun tsami ya tsaya a kan injin ban-ruwa. Inji ne mai tukunya ɗaya, wato silinda ɗaya, baƙi, mai ƙatuwar taya ta ƙarfe a gefe, da hannu ake murɗa shi, kuma man dizal yake sha, wanda a nan ake ce wa jaz. Jaz ɗin ma ba yawa gare shi ba, amma ba a rasa ɗan saura a gidajen masu lambu da wurin mai injin niƙa. Ya san in ya cire injin nan, da rani ya zo lemunsa sun mutu. Ya dubi itatuwan sau ɗaya, ya je ya kira ƙanensa Hamid da Ɗan'auta maƙeri, ya ce injin nan zai koma cikin jirgi.

A nan ne ya yi kuskuren. Injin ba abin da mutum uku za su ɗauka ba ne, kuma daga lambu zuwa bakin ruwa duk taɓo ne, don haka sai an yi gayya, wadda a nan suke kira nafir. Gayya kuwa ba a kiranta sai an faɗi dalili. Da ya miƙe bayan sallar Juma'a, jama'a suka zuba masa ido, sai ya ji bakinsa ya yi nauyi. Ya za a yi mutum mai furfura ya tsaya gaban dattawa ya ce saboda 'yarsa ta fari zai tayar da gari? Sai ya ce ya ga gari ya ƙuntata, marasa lafiya ba magani, mai abin sayarwa ba kasuwa, shi ya sa ya yi niyyar tayar da jirgin don amfanin kowa. Masallaci ya ɗauka da sa albarka. Shaihu Sharfuddeen, mai garin, ya kama hannunsa ya ce a gaban kowa ɗan Sodangi na gaskiya ke nan.

Gari kaf ya fito. Aka zura itace biyu a ƙarƙashin injin, maza suka ɗauka a kafaɗa suna nutsewa har gwiwa, masu ba da shawara sun fi masu ɗauka yawa. Aka fitar da tsohon injin fetur aka ajiye a gindin bagaruwa, inda awaki suka karɓe shi nan take. Daga nan aiki ya koma hannun mutum uku. Suka sassaƙa guma-guman bagaruwa suka yi wa sabon injin mazauni a cikin jirgi, don in aka ɗora shi kan ƙarfe tsirara jijjigarsa sai ta ɓalle walda. Suka wahala wajen daidaita shi da sandar da ke juya farfela, a ɗaga nan a sauke can, a cusa ɗan falle a gwada, a sake kwancewa. Suka wanke tanki da toka da ruwan zafi, suka shanya shi har warin fetur ya fita. Hamid ya ja tiyon lambu ta gefen jirgi don inji ya riƙa shan ruwan tafki yana hucewa. Da aka gwada karon farko, injin ya yi ta buga ƙararsa, jirgin kuwa yana tafiya kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa, saboda injin jaz a hankali yake juyi, ƙaramar farfelar da ba ta ture ruwan kirki. Ɗan'auta ya yanko ƙarfen garma ya ƙera mai manyan fuka-fukai, ta farko ta karkace, ta biyu ta zauna.

Duk kwanakin nan Bilkisu ce take kawo musu shayi da rana. Ta ajiye tire a kan dutse, ta gaida baffanta Hamid da Ɗan'auta, su amsa da wasa da dariya, ubanta kuma ya sunkuyar da kai cikin inji kamar an aiko shi neman wani abu a ciki. Ta wutsiyar ido yake ganin yadda ta koma ɗaukar tire da hannun hagu, da yadda take jan mayafinta tana rufe gefen dama. Ita kuwa ta yi makaranta a Damazin, ta ga yadda iyayen ƙawayenta Larabawa suke kiransu da suna a tsakiyar kasuwa, har su dafa musu kai. Ta san al'ada, ba wai ba ta sani ba, amma tun rasuwar Iya al'adar ta fara yi mata kama da rashin kulawa. Abdussalami yana ganin haka a fuskarta, yana ci masa rai, ya rasa ta inda zai ɓullo.

Ranar da aka gama, ya zagaya jirgin cikin ruwa ya duba layin Baba. Injin jaz da tayarsa da guma-guman da aka ɗora shi a kai sun danne jirgin, ruwa ya taso ya kusa layin tun babu kowa a ciki. Jirgin da yake ɗaukar rabin unguwa yanzu ba zai ɗauki rabin wancan ba. Ga shi kuma jaz ɗin gida-gida aka tara shi, wani kwalba, wani ɗan galan, mai niƙa ya tsiyaye tankinsa, duka-duka na zuwa ne kawai, dawowa sai abin da aka tarar a can. Duk wanda ya sa kafaɗa a gayya, duk wanda ya kawo ko cikin kofi na mai, yana ganin yana da wurin zama, kuma da gaskiyarsa. Shi da bakinsa ya ce jirgin na kowa ne, saboda haka rabon wuri ya koma hannun mai gari.

Ya shirya ya tafi gidan Shaihu Sharfuddeen da hantsi. Aka kawo gahawa, suka yi zancen ruwan bana, suka yi zancen tsadar dawa, suka yi zancen farfela. Sai da gahawa ta ƙare sannan ya ce, yana kallon tabarma, akwai wata yarinya a gidansu da ba ta jin daɗi.

“Wace daga ciki?” in ji Shaihu.

“Babbar.”

“Ɗiyar Iya? Ai jiya na gane ta tana kai muku shayi, tahiya tai kwayyis, lahiya lau. Mi as same ta?”

Abdussalami ya buɗe baki, sai ya tuna gargaɗin ungozoma na a rufe baki. Ya ce jiki ne dai irin na mata. Shaihu ya gyaɗa kai ya ce yara masu ƙafa sai su jira zuwa na biyu, yanzu ga tsohon da fitsari ya tsaya masa, ga mai karaya, ga matar da ɗanta ke suma, ga kuma masu riɗi da in ba a kai an sayar ba babu kuɗin man dawowa. Sannan ya ƙara da yabon da ya ƙarasa ɗaure shi. Ya ce abin da ya sa ake ganin girman gidan Sodangi ke nan, ba su taɓa sa nasu a gaba ba, shi ya san ko an ba Abdussalami wurin ma kunya ba za ta bar shi ya karɓa ba. Abdussalami ya yi godiya, ya sa takalmi ya fito.

Maryamu ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce kawai ta sani babu zuwa na biyu, shi ma ya sani. Ta ce za ta haɗa wa yarinyar kaya su sauka bakin ruwa gobe, in Allah ya sa wani ya fasa. Yana tsaye a zaure ya jiyo Bilkisu daga tsakar gida tana ce wa uwarta, rabi da Larabci rabi da Hausa, ta bar wahalar da kanta.

“Halas, Yumma. Markab ɗin, jirgin ga, na gari na. Shi bai ma san ina ciwo ba.”

Washegari da safe bakin ruwa ya cika. Shaihu yana tsaye da sandarsa yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, Abdussalami yana cikin jirgi yana nuna wa kowa inda zai zauna don kada ya karkata. Aka shigar da tsoho a kan gadonsa, aka shigar da mai karaya, matar nan da ɗanta, buhunan riɗi da masu su, da wasu mutum biyu da ba wanda ya san ciwonsu sai dai kowa ya san yawan jaz ɗin da suka kawo. Babu wanda ya fasa. Yana leƙa gefe yana ganin ruwa yana hawa, har ya zo ya taɓa layin Baba ya tsaya. Ya ɗaga hannu, Shaihu ya ce shi ke nan, saura sai haƙuri.

Hamid ya kama hannun inji ya murɗa, ya murɗa, ya saki, injin ya yi tari ya kama, baƙin hayaƙi ya tashi, ƙararsa ta cika wurin har ba a jin maganar na kusa. Aka kwance igiya. Abdussalami ya kama sandar tuƙi ya ɗaga kai, sai ya hango su can bayan taron mata, a gindin bagaruwa kusa da tsohon injin. Maryamu tana riƙe da ƙullin kaya a ƙarƙashin mayafi kamar abin sata. Bilkisu ba jirgin take kallo ba, ta riga ta juya rabin jiki za ta koma gida. Ya tuna lambunsa da ramin da injin ya bari, ya tuna taɓon da aka sha, da farfelar da aka ƙera sau biyu. Duk an yi ne saboda mutum ɗaya, ga shi kuma zai tuƙa kowa ya bar ta a tsaye.

Ya miƙa hannu ya kashe injin. Hamid ya dube shi baki buɗe, don ya san wuyar da ake sha kafin ya tashi. Wurin ya yi tsit, har ana jin ruwa yana dukan ƙarfe.

“Bilkisu.”

Muryar Abdussalami ba ta fito sosai ba, amma kowa ya ji. Dattawa suka sunkuyar da kai kamar an yi tsiraici a gabansu, wata tsohuwa ta kama baki. Bilkisu ta waiga bayanta tana neman wata Bilkisun. Ya sake faɗa, a karon nan da ƙarfi, ya ce ta zo ita da uwarta.

“Ya Haj,” in ji Shaihu a hankali, “layin hwa? Kai kac ce ya cika.”

“Ya cika,” in ji Abdussalami. “Ɗiyata ba ta da lahiya, Shaihu. Don ita na cire injin ga. Ban iya hwaɗi ba.”

Ya miƙa wa Hamid sandar tuƙi, ya ce masa ya bi gefen tudu kada ya yanke ta tsakiya, in iska ta taso ya sa goshi cikinta. Sannan ya ɗaga ƙafa ya dira cikin ruwa. Jirgin ya yi sama kamar an sauke masa buhu biyu, layin Baba ya fito fili yana ɗigar ruwa. Wani daga cikin abokan wasansa ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye.

Matan suka buɗe hanya. Maryamu ta wuce shi ba ta dube shi ba, fuskarta duk kunya da hawaye. Bilkisu ta biyo baya tana tattare zanenta, ruwa har ƙwauri. Da ta zo daidai shi ta tsaya, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce da murya ƙasa-ƙasa yadda shi kaɗai zai ji:

“Ashe ka san sunan, Baba.”

Ya riƙe gefen jirgi da hannu biyu har suka hau suka zauna, ya sunkuya ya duba, ruwa ya dawo ya taɓa layin bai haura ba. Hamid ya murɗa inji ya ƙi, ya sake murɗawa ya ƙi, sai da Abdussalami ya ce masa daga cikin ruwa ya bari tayar ta yi gudu sosai kafin ya saki, sannan ya kama. Ya sa kafaɗa ya tura jirgin ubansa, wanda tun da ya gaje shi bai taɓa tashi babu shi a ciki ba, har ƙasa ta sake shi.

Mutane suka watse da ɗaɗɗaya, ba wanda ya yi masa magana, har Shaihu, wanda ya tsaya kamar zai ce wani abu sannan ya juya. Abdussalami bai fito daga ruwa ba. Ƙarar injin ta daɗe tana zuwa bayan jirgin ya ɓace a bayan tsibiri, yana saurare yana gane cewa Hamid ya cika ba shi wuta. Ba jirgi, ba inji, ba hanya, bai kuma san ranar da labari zai zo ba. Da ƙarar ta yanke ya duba hagu da dama, ya ga babu kowa sai awaki a kan tsohon injin, ya sake faɗin sunan a hankali, don bakinsa ya saba kafin ta dawo.